Teburin da Mama Ke Cin Abinci

…kuma ba wai ban san ƙofar ba ne. Na san ta sarai. Ni na yanke ƙyallen buɗe gidan tsofaffin nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da wani ƙaton almakashi da ya ƙi yanka sai da shugabar gidan ta ja min bakin ƙyallen. Ga sunana can a bango, ina hango shi daga nan: Royce Tolliver, Ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ba su cire ba tukuna. Mantawa suka yi? Ko kunyar Mama suke ji?

Minti ashirin ke nan ina zaune a mota. Inji a kashe, gilashi a rufe, zafin watan Yuli yana dafa ni a cikin kwat. Taye ya shaƙe min wuya. Ita ta ce in sa.

Jiya ta bugo. Sati bakwai rabona da ita, sati bakwai ina cewa gobe. Babu gaisuwa, babu yaya kake. "Royce, gobe Lahadi. Sha biyu da rabi ake zuba abinci. Ka sa taye." Ta ajiye wayar.

Shekarata hamsin da takwas. Na yi shekara goma sha takwas a Washington, na zauna da manyan sojoji, na tsare ministoci da tambaya har suka yi ta shan ruwa. Ga ni nan ina tsoron tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai da ba ta iya miƙewa sai an kama ta.

Da ma ta rikice. Allah ya gafarta min, na yi wannan fatan. Da ma tana cikin waɗanda ke kiran ɗansu da sunan mijinsu, in shiga ta yi min murmushi, ta tambaye ni ko na ba shanu ruwa. Amma ina. Eula Tolliver ta koyar a makarantar Lahadi shekara arba'in da ɗaya, rabin garin Cane Hollow a gabanta suka koyi karatun Littafi Mai Tsarki, kuma har yau tana karanta jarida tun daga shafin farko har sanarwar mutuwa. Ta karanta. Duk ta karanta… har da saƙonnin?

Kar ka tuna saƙonnin.

Buɗe ƙofar motar. Ƙafa ɗaya. Yauwa. Ɗaya kuma.

Ciyawar nan ba a yanke ta da kyau ba. Da can da na ɗaga waya, gobe a gyara. Waya ɗaya. Haka rayuwata take a da, waya ɗaya — yanzu wayar tana aljihuna tun safe ba ta ko motsa ba. Shugaban jam'iyya na jiha, wanda ya riƙe 'yata ranar baftismarta, shi ya fara cewa a rediyo yana yi wa iyalina addu'a. Iyalina. Ba ni ba. Na san ma'anar wannan, ni ma na yi wa wasu irin addu'ar.

Harlan Meeks.

Me ya kawo shi yanzu? Shekara ashirin da shida da suka wuce… majalisar jiha, ina ɗan shekara talatin da biyu a kujerar baya, ba wanda ya san sunana. Harlan dattijo ne mai raha, kullum aljihunsa da gyaɗa, shi ya nuna min inda ake shan kofi mai kyau a makon farko. Aka kama shi da matar wani. Kowa ya yi shiru, ana so abin ya lafa. Ni na miƙe. Wa ya aike ni? Na gyara taye, na ce, "Namijin da ya ci amanar matarsa, me zai hana shi cin amanar jama'a?" Tafi ya ɓarke. Harlan yana zaune layi uku a gabana, bai juyo ba, ƙeyarsa kawai nake gani ta yi ja.

Wannan jimlar ita ta kai ni Washington. An buga ta a riguna, a kofuna, a bayan motocin ɗaukar kaya. Duk cocin da na shiga sai an roƙe ni in maimaita. Na gina aiki guda a kanta: aure, iyali, tarbiyya, komawa tafarkin iyaye da kakanni. Kuma na yarda da abin da nake faɗa! Wannan ne ba wanda zai gane. Ba ƙarya nake yi ba. Ina faɗa ina jin hawaye a idona, na gaske. To yaya aka yi mutum ɗaya…

Harlan ya ƙare yana sayar da tayoyi a garin surukansa. Da ya rasu na aika furanni. Sakatariya ce ta rubuta katin.

Yanzu talabijin na nuna ni sau biyu a allo ɗaya: a hagu saurayi mai baƙin gashi yana tambayar majalisa, a dama tsoho yana rufe fuska da hannu a filin jirgi.

Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta. Sanyi, warin maganin goge ƙasa, ƙanshin soyayyar kaza. Twyla ce a tebur, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Mama, ta ɗago, ta gan ni, ta mayar da ido kan takarda. Da can har kewayowa take yi ta rungume ni. "Barka da rana, Yallaɓai," in ji ta, idonta na kan takardar. "Tana jiranka. Sa hannu a nan." Shekara biyar ina zuwa, ba a taɓa cewa in sa hannu ba.

Suna. Lokaci. Wanda ka zo gani. Dangantaka… ɗa. Na ajiye biron.

Leanne.

Faɗi sunan mana. Kai kaɗai ne a cikin kanka, ba ɗan jarida a nan. Leanne Pruitt, shekara talatin da huɗu, ma'aikaciya a ofishina na nan gida, ita ke amsa wasiƙun tsofaffin sojoji da matan da mazansu suka rasu. Ba ta manta sunan kowa. Takan ce min, "Yallaɓai, wannan matar sau uku tana rubutowa, kira ta da bakinka," in kira, matar ta yi ta kuka, ni in sha yabo. Shekara uku muna haɗuwa a ɓoye. Ranar Alhamis da rana, wani masauki a bakin babbar hanya, mil arba'in daga nan, inda nake ganin ba wanda ya san ni — ni da fuskata ke kan allo a kowace mararraba! Hauka ce? A'a. Ba hauka ba. Na ɗauka dokar da nake karanta wa mutane ta san ni, za ta kauce min.

Takan cire takalmi tun a mota. Tana dariya idan na yi muryar jawabi. "Sauko, Royce, ba kowa a nan sai ni." Ba wanda ya ƙara ce min in sauko tun…

Bari. Kana layin ɗakin uwarka.

Ɗaki na goma sha biyu, goma sha huɗu. Wani tsoho a ƙofa da hular tsohon soja, ya bi ni da kallo. Ya zaɓe ni, na tabbata. Duk gidan nan sun zaɓe ni, sau tara, har mota nake turowa ta kwashe su ranar zaɓe. In gaishe shi? Bakina ya riga ya fara murmushin, murmushin nan da ba ni nake yin sa ba, shi ke yin kansa. Tsohon bai mayar ba.

Ba zinar ce ta fi ci na ba. Allah ya sani, ba ita ba ce. Talatar nan ce. Jarida ta buga saƙonnina da Leanne ranar Litinin, ranar Talata na tsaya a gaban na'urorin ɗaukar hoto na ce ƙage ne. Na ce tsohuwar ma'aikaciya ce mai jin haushi, wadda ta daɗe tana fama da damuwa, muna yi mata fatan samun lafiya. Tsohuwar ma'aikaciya — a ranar da safe aka sallame ta, don kalmar ta zama gaskiya. Lauya ne ya rubuta, e. Amma bakin wa ya karanta? Kwana huɗu mutanena suna zaginta a rediyo, suna ajiye mata shara a ƙofar gida, wata mata daga cocinmu ta tofa mata yawu a kanti. Ina ji. Ina zaune ina ƙirga ko zan tsira.

Ranar Asabar muryata ta fito. Saƙon murya, minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Duk ƙasar ta ji yadda Royce Tolliver ke magana idan ba jawabi yake yi ba.

Sai jawabi na biyu. Nadine a gefena, matata ta shekara talatin da huɗu, cikin shuɗiyar rigar zuwa coci, ta kafe ido a kan wata fitila a bango. Na nemi gafarar Ubangiji. Na nemi ta matata, ta 'yata Carrie Beth, ta fastona, ta jam'iyya, ta mutanen mazaɓata. Na sauka daga kujerar majalisa. Da muka shiga mota Nadine ta zare hannunta daga nawa a hankali, kamar mai cire safa mai datti, ta ce wa direba, "Ka sauke ni gidan yayata." Tana can har yau. Carrie Beth kuwa saƙo ɗaya ta turo: kar ka kira tukuna, Baba.

Ɗaki na ashirin da biyu. Ƙofar a buɗe.

Tana kan kekenta na guragu, ta juya wa taga baya. Ta yi shiri: farar riga mai furanni, ɗan kunnen lu'ulu'un da Baba ya saya mata, jakar hannu a cinya kamar mai shirin tafiya. Ta ƙanƙance. Yaushe ta ƙanƙance haka? Sati bakwai ne kawai…

"Mama."

Ta dube ni tun daga takalmi. Ga shi nan zuwa. Na shirya, na haddace a mota: Mama, ba ni da abin cewa, na kunyata ki, na kunyata sunan Baba. Ta zage ni. Don Allah ta zage ni, ta ɗauko ayar da ta dace, ta san su duka. Ta mare ni in ta ga dama, in durƙusa, a gama.

"Tayenka ya karkace," ta ce. "Tura ni."

"Mama, da mun ɗan zauna a nan, in ce a kawo mana…"

"A ɗakin cin abinci ake cin abinci. Sati bakwai ina shiga ni kaɗai, sau uku a rana. Tura ni, Royce. Ta tsakiya."

Sau uku a rana.

Ban taɓa… Ina can na kulle kaina a gidan gona, labule a sauke, ina tausayin kaina, ina cin wake daga gwangwani. Ita kuwa sau uku a rana. Ana tura ta ta gaban mutanen da ta koya wa 'ya'yansu dokoki goma, talabijin ɗin ɗakin a kunne, muryar ɗanta na fita. Ba ta da labulen saukewa. Ko tafiya ba ta iya yi ta bar wurin.

Hannun keken yana da santsi, ko tafina ne? Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙeyarta, farin gashi 'yan ƙalilan, fatar kai tana bayyana. Ta miƙe wuya kamar sarauniya. Ni ne nake sunkuyawa.

Ƙarar cokula — sai ta ragu. Sai ta tsaya. Tebur goma sha biyu ko fiye, duk fararen kawuna sun juyo. Na shiga ɗakuna dubu a rayuwata, na san yadda ake shiga ɗaki: ka nemi fuska ɗaya da ta sake, ka fara da ita. Babu. Ga Misis Cantrell da ta yi min kek a kowane zaɓe. Ga wanda ya koya min tuƙin tarakta. Wata tsohuwa mai kurumta ta tambayi ta kusa da ita da ƙarfi, "Shi ne?" aka ce mata ta yi shiru, ta sake cewa, "Ai ya rame."

"Barkanku da Lahadi," in ji Mama, ga ɗakin gaba ɗaya. "Kun san ɗana."

Kun san ɗana. Ƙasa, ki tsage.

Can ƙarshe, kusa da taga, ta nuna da yatsa. Teburi mai kujera huɗu. Gurbi ɗaya na kekenta. Wata tsohuwa tana gyangyaɗi. Kujera ɗaya ba kowa. Sai wani dogon tsoho mai igiyar wando a kafaɗa, robar iska a hancinsa, manyan hannaye a kan tebur, hannun makaniki…

A'a.

A'a, Mama. Ba wannan ba.

Mista Orval Pruitt. Mahaifin Leanne.

Yaya aka yi na manta? Ni na sama masa gadon nan! Shekara biyu da suka wuce, huhunsa ya lalace, layin jira ya yi tsawo, Leanne ta roƙe ni — a masaukin, tana ɗaure gashi a gaban madubi — na ɗaga waya ɗaya, washegari aka kira su. Ta yi kuka don godiya. Ni kuwa na manta kafin in kai gida. Mutumin da ya gyara min motata ta farko kyauta, ya ce in biya shi idan na zama gwamna. Mutumin da ya kamo hannun 'yarsa a bikin baje kolin gona ya ce, "Royce, ga Leanne ta gama karatu. Ka duba min ita." Ka duba min ita.

Kuma a teburi ɗaya suke? Tun yaushe? Sati bakwai uwata tana zaune tana fuskantar mutumin nan, tana miƙa masa gishiri…

Na gyara kekenta. Na taka birki. Hannuna ya rasa abin yi.

"Zauna," ta ce.

Kujerar da ba kowa tana kusa da shi. Na zauna. Ina jin ƙarar iskar da ke shiga hancinsa, fss… fss… Aka ajiye min faranti: kaza, dakakken dankali, koren wake, burodin masara. Shayi mai ƙanƙara. Wa ya ce musu zan zo? Ita. Ta shirya komai, har farantin.

Ka ce wani abu. Kai da ka yi awa uku kana magana a majalisa ba takarda. Mista Orval, ni… Ni me? Na yi kuskure? Kuskure shi ne ka ɗauki hular wani. Na yi nadama? Ya ji a talabijin. Ya ji jerin waɗanda na nemi gafararsu, ɗaya bayan ɗaya, yana jira… Ubangiji, Nadine, Carrie Beth, fasto, jam'iyya, mazaɓa. Shida. Na ƙirga su da lauya don kar a bar kowa.

Kar a bar kowa.

"Royce," ya ce. Muryar ta dushe, amma ba fushi a ciki. Da ma akwai.

"Mista Orval."

"Kujerarta ce ka zauna a kai. Duk Lahadi bayan coci." Ya tsaya ya ja iska. "Ba tashi nake cewa ka yi ba. Zauna abinka."

Kujerar ta yi zafi a ƙarƙashina.

"Ta bugo min sau ɗaya, washegarin da ka yi magana ta farko. Ta ce Baba, kar ka kunna talabijin. Shi ke nan. Lambar ba ta shiga yanzu. Twyla ta bi ta gidan, ta ce an kwashe kaya." Fss… "Na ce wa Eula, Royce babban mutum ne, yana da mutane ko'ina. Ko ka san inda take?"

Yana kallona. Idanun sun yi ruwa-ruwa irin na tsofaffi, kuma jira yake da gaske. Ba gatse ba ne. Har yanzu gani yake ni mai iya ɗaga waya ne.

Ina take?

Na san adadin ƙuri'un kowace rumfa a ƙananan hukumomi goma sha huɗu. Na san wane ɗan jarida ya fara samun saƙonnin, da ƙarfe nawa. Na san wa ke neman kujerata, na san abin da fasto ya faɗa a kaina da abin da bai faɗa ba. Sati bakwai ina kwance ina juya abin da aka yi min, abin da na rasa, yadda za a rubuta ni idan na mutu. Kwana arba'in da tara. Ko sau ɗaya… ko sau ɗaya ban tambayi kowa ba. Ban ma tambayi kaina ba. Tana da mota? Tana da wurin kwana? Wa zai ɗauke ta aiki da sunan nan da na liƙa mata? Tana raye?

"Ban sani ba, Mista Orval."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da ido kan farantinsa. "To," ya ce. "To."

Mama ba ta dube ni ba. Ta shimfiɗa adiko a cinyarta, ta taɓa tsohuwar da ke gyangyaɗi ta farka, sannan ta miƙa hannayenta biyu a kan tebur, tafi a sama.

"Abinci na hucewa. Royce, yi mana addu'a."

Hannunta a hannuna na dama, ƙashi zalla, sanyi. A haguna kuma… ya riga ya miƙo. Ƙaton hannu, kaushi, tsohon tabon ƙuna a babban yatsa. Yana jira a buɗe. Na sa nawa a ciki. Ya riƙe, ya rufe ido, ya sunkuyar da kai, kamar ni mutum ne da za a iya bi a addu'a.

Duk ɗakin ya yi tsit. Su ma jira suke.

Na yi addu'a a filin wasa gaban mutum dubu ashirin. Kalmomin suna zuwa da kansu, kullum suna zuwa, ba na ma nemansu…

"Ya Ubangiji," na ce.

Fss… fss…

Ya Ubangiji — sai kuma me?